Baba Kefas Mai Huda Jarka

Kafin motocin masu zuwa aiki Abuja su gama cika, Baba Kefas ya riga ya tura kurarsa cikin lungunan unguwar Wambai ta Suleja. Ya raba cikinta gida uku da katako: nan mataccen batir, nan ƙwan lantarki da magungunan da suka lalace, nan kuma jarkoki da kwalaben maganin feshi. Yana tsayawa a kowace bola, ya sa safar hannu, ya tona, ya tsince abin da ya zo nema, ya wuce. Da azahar ya kai rumfar ajiya ta wajen dutsen Zuma, inda mota ke zuwa ta kwashe. A nan yake cin abincinsa, shi da rediyo.

Shekara talatin da biyar ke nan yana sashen tsaftar muhalli na ƙaramar hukuma. Da aka fara ware shara mai guba su uku ne. Ɗaya ya yi ritaya, ɗaya ya roƙi a mayar da shi share kasuwa, ya ce gara tsintsiya da warin da ke bin mutum har gida. Matarsa Rebeka ta rasu shekara shida da suka wuce, ita ce dama mai yi masa faɗa in ya shigo ɗaki da kayan aiki. Yanzu da kansa yake rataye su a waje.

Abin da ya sa aka san shi, ya kuma sa ba a son shi, shi ne hudawa. Duk jarkar maganin feshin da ta shigo hannunsa sai ya kifa ta, ya soka mata tsinin ƙarfe sau uku a gindi, ko da sabuwa ce fil. Mu kuwa Allah ya yi mu da son jarka mai kyau. Wadda manomin yankin Chaza ya juye maganin ciyawa daga cikinta da safe, kafin la'asar an ɗauraye ta an zuba manja, ko ruwan shan yara. 'Yan gwangwan suka laƙaba masa Ɓata-jarka, har yau da shi ake kiransa a bayan idonsa.

Kamaluddeen tela yana bakin shagonsa ranar da Baba Kefas ya tarar da Hajjo mai zoɓo ta shanya fararen kwalabe a ƙofar gida. Ya ɗauki ɗaya ya shinshina.

"Hajiya, waɗannan na maganin ƙwari ne."

"Sau uku na wanke su da omo, Baba. Wa ya aiko ka?"

"Ko a kogin Gurara kika wanke su ba ya fita. Yaran firamare kike sayar wa, ko ba haka ba?"

"To kwalabena ne, ba na gwamnati ba!"

Ya durƙusa ya huda su ɗaya bayan ɗaya, tana zazzaga masa ruwan masifa, jama'a sun taru ana kallo. Kamaluddeen ya ce shi kansa bai buɗe baki ba, kuma har yau abin yana ba shi kunya. Washegari yara suka sha zoɓo a leda, suka koma gida lafiya lau. Babu wanda ya yi amai, babu wanda aka ruga da shi asibiti, saboda haka babu wanda ya san an yi masa wani abu.

Nan ne abin tausayin aikinka, Baba Kefas. Likita yana da marar lafiyar da zai dawo ya ce na gode. Kai ne wanda ka tare ciwon tun a bakin bola, kuma wanda bai kwanta ba ba ya zuwa godiya. Kai ne mai ɓata jarka don gyara gida. Mun ci amfaninka muna toshe hanci idan ka wuce.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Ƙirjinsa ya fara damunsa, kuma 'yarsa Joy ta gyara masa ɗaki a Kafanchan, ta ce ba ta son jin wata magana. Shugabar sashensu, Malama Fauziyya, ta yi cigiyar wanda zai karɓe shi har sau biyu. Mutum ɗaya ya zo, ya leƙa rumfar, ya ce zai je ya dawo.

"Madam, wa zan ba makulli?" Baba Kefas ya tambaye ta.

"Muna nema, Baba. Wallahi muna nema."

Da ya fita sai ya biya kasuwa ya sayo ƙusa mai inci shida, leda guda. Mako biyu ke nan yana bin gidajen da ya saba tsintar jarka a bolarsu, ya yi sallama, ya miƙa ƙusa ɗaya, ya ce, "Sau uku a gindi kafin ku yar, batir kuma kada ku ƙona." Wasu suna karɓa da dariya. Wata ta ce ta gode, dama tana neman abin rataye kalanda.

Mun gode, Baba Kefas, ko da godiyar ta zo a makare. Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka huta cikin jikokinka. Ku kuma mutanen Suleja, wanda aka ba ƙusar nan ya san inda ya ajiye ta, wanda ba a ba shi ba ya nemi tasa. Daga ranar ɗaya ga wata babu wanda zai ƙara tona bolarku da asuba. Tsakanin jarkar nan da bakin yaranku, ku kaɗai kuka rage.