Idon Hagun Baba

Ranar Lahadin Ista ta shekarar 1972, ranar da aka mayar da motocin ƙasar nan bin hannun dama, Babana ya goya ni a kariyar kekensa muka tashi daga Samaru za mu coci a Sabon Gari. Ina 'yar shekara tara, sanye da sabuwar rigar da Mama ta ɗinka min da hannunta. Tun da hantsi zafin bazara ya sauko, direbobi kuma kowa yana tafiya a ɗarare kamar ɗan koyo. Mun ɗan wuce Kwangila sai wata babbar motar itace ta taso ta bayanmu. Baba ya waiga hagu kamar mai dubawa, amma duk da haka ya karkata cikin titi zai kauce wa rami. Ni na ƙwalla ihu, motar ta shafi hannun keken, muka zube cikin kwata. Ya ɗaga ni yana duba gwiwoyina. Ya ce, “Talatu, yi shiru ki ji. Wannan idon nawa ba ya gani. Da can ta dama motoci suke wuce ni, ina ganinsu. Mamanki ta sani, amma kada wani ya ji, ko yayanki Ishaya.”

Sunansa Bulus, amma a Sabon Gari Guduma ake ce masa. Daga wani ƙauye a kudancin Zariya ya zo yana saurayi, ya kama dako a tashar jirgin ƙasa. A nan wani tsohon soja ya ga yadda yake ɗaga buhun gyaɗa, ya ja shi ya koya masa damben zamani, irin na safar hannu da fage mai igiya. Ya ci Arewa, ya je Ikko ya ci kambun ƙasa a ajin nauyinsa, daga nan jirgin ruwa ya kai shi Ingila. Labarin Ingila ba ya son ba da shi. Abin da na tsinta a bakin Mama shi ne mai kula da shi a can ba ya barin rauni ya warke kafin ya sake tura shi fage, har wani naushi ya kashe masa idon hagu. Idon bai canja kama ba, wanda bai sani ba ba zai gane ba. Ya dawo gida da akwatin ƙarfe, da hotonsa ɗaya ya ɗaga safa sama, da ciwon kai da bai rabu da shi ba har ya koma ga Ubangiji.

Ni ban san wancan Guduman ba. Wanda na sani ma'aikaci ne a wani kamfani a Chikaji, yana tura kaya kusa da injuna, kuma ya san ranar da aka gane ido ɗaya gare shi, ranar aikin zai ƙare. Gidan haya muke zaune a bayan kasuwar Samaru, tsakar gida ɗaya da maƙwabta Musulmi da Kirista, igiyar shanya ɗaya, turmi ɗaya. Da safe in ɗebo ruwa a famfon bakin layi, in share gaban ɗaki, in ruga makaranta da kokon gero a ciki. Da yamma mu 'yan mata mu baje carafke a gindin dalbejiya, maza suna langa a fili. Amma da mun ji ƙarar kekensa a zaure, sai mu dubi fuskar Mama. In ta ɗora yatsa a baki, ranar ciwon kai ce: ba daka, ba dariya, ko maƙwabta sai su rage rediyo. Zai zauna a kan benci ya tsoma hannuwansa cikin ruwan ɗumi da gishiri, yatsun nan da suka karkace ba sa iya ɓalle maɓallin riga sai Mama ta taimaka. “Jikin da aka ara wa mutane,” haka yake cewa, “ba ya dawowa yadda ya tafi.”

Bayan faɗuwarmu ya daina bin titi shi kaɗai. Zuwa aiki sai ya riƙa ratsa hanyoyin gona da gefen layin dogo, ya fita da sassafe, ya dawo a jigace da ƙaya a tayar keke. Ranar Asabar kuwa, in za mu gonarmu ta Bomo, ni ce a kariya ina kiran “Mota, Baba!” In muna tafiya a ƙasa, ni ce a hagunsa. Mutane suna cewa Talatu 'yar gaban goshi ce, ba ta rabuwa da ubanta. Ni kuwa aiki nake yi, kuma ina jin nauyinsa, don ko a makaranta hankalina yana kan hanyar Chikaji.

Ina aji shida Ishaya ya fara ɓacewa da yamma. Ya yi tsawo, ya yi kafaɗun Baba sak. Ashe wani wurin horon dambe yake zuwa a Sabon Gari, inda suka karɓe shi hannu biyu da jin ɗan Guduma ne, har sun sa masa ranar wasa. Wani ɗalibi mai haya a layinmu ne ya taya Baba murna, bai san Baba bai sani ba. Baba bai yi faɗa ba. Ya sa takalminsa ya ce in zo in raka shi.

Wurin wani tsohon sito ne mai rufin kwano, yana warin zufa da man zafi, buhunan yashi suna reto daga azara. Muna shiga aka ɗau sowa, ana “Guduma! Guduma!”, wasu da Hausa, wasu da Turancin kasuwa. Har da abokan aikinsa na Chikaji a ciki. Baba ya miƙa hannu aka ɗaura masa safa, ya shiga tsakanin igiyoyi da wandon cocinsa, ya yafito Ishaya. Da farko sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Mutumin da ke jan ƙafa a tsakar gida ya zama mara nauyi, duk abin da Ishaya ya kawo ta damansa sai ya zame masa kamar ruwa. Sannan ya ce, “Kawo hannun dama, da ƙarfi.” Ishaya ya kawo. Ni kaɗai a ɗakin na san Baba ba zai ga wannan hannun ba. Naushin ya sauka a kuncinsa na hagu, ya durƙushe a kan gwiwa ɗaya.

Ya daɗe kafin ya kama igiya ya miƙe. Ya nuna idon da safarsa, ya ce a gaban kowa, “Tun Ingila wannan ya mutu. Kambun da kake ji ana faɗa, wani ya karɓe shi tuntuni. Wannan ne nawa, shi na kawo gida. Ka gani da kyau, sannan ka zaɓa.”

Da a ce labari ne na tatsuniya, da Ishaya ya cire safa a nan take. Bai cire ba. Ya yi kuka a hanya, amma ranar wasan ya je, ya kuma ci. Ya dawo da leɓe a fashe, Baba da kansa ya wanke masa. Ya yi 'yan shekaru yana dambe kafin ya gaji ya koma kanikanci. Maganar idon kuwa ta riga Baba isa Chikaji. Kafin wata ya ƙare aka kira shi ofis, aka gode masa, aka sallame shi. Mama ta yi kwanaki ba ta yi wa Ishaya magana ba, ta kafa kaskon ƙosai a bakin layi, ni kuma na koyi tashi da asuba markaɗen wake. Na taɓa tambayar Baba ko yana da-na-sani, tunda ya rasa aiki kuma yaron bai ji ba. Ya ce, “Ni ba wanda ya nuna min. Shi an nuna masa.”

Sauran shekarunsa a gonar Bomo ya yi su, tsakanin dawa da masara da 'yan kunyoyin dankali. Wani sa'in ɗalibai su tsaya a bakin gona su roƙe shi ya gwada musu tsayuwar dambe. Sai ya jingine fartanya, ya ɗaga hannuwan a hankali, ya yi murmushi, ya sauke. Ya rasu ina shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai.

Yanzu wurin gonar ɗakunan haya ne, ba ko itace ɗaya da zan gane. Jikokina suna kallon dambe a waya, suna ihu in an kayar da mutum, suna mayar da wurin baya su sake kallo. In na ce musu mahaifin kakarsu zakara ne, sai su tambaye ni mutum nawa ya kayar. Zamanin nasararsa wasu ne suka gani suka yi tafi. Ni gajiyarsa na tarar, kuma ita nake kewa.