Takalmin da Kaka Ya Jiƙa

Kakana Mbairamaji baduku ne a Mundu, kafin yaƙin basasa ya mayar da shi mai kula da sito a barikin soja. Duk sanda ɗan kwangila ya kawo takalma, yakan zaro ɗaya ya tsoma a daron ruwa, ya tafi cin tuwo. In ya dawo ya tarar da shi yadda ya bar shi, kayan na kirki ne.

Wata damina aka sauke akwatunan takalma cikin mota uku. Kanar ɗin barikin ya tsaya masa a ka, wai ya buga hatimin karɓa tukuna, ya yi wankinsa daga baya. Kaka ya buga, sannan ya tsoma ɗaya a daro. Ko da ya dawo daga cin tuwo, tafin takalmin ya kumbura ya ɓare. Ashe kwali ne aka shafa wa baƙin fenti. Kuma bataliyar ɗan Kaka, Kawu Jimrangar, ita za a raba wa takalman ta nufi gabas.

Sai aka ce 'yan majalisa na zuwa duba kayan soja. Kakata ta roƙe shi ya yi shiru, ya ƙi. Ranar da suka zo, ya bari suka gama cin kifi a gidan Kanar, sannan ya dire daron da takalmin a ciki, da akwati ɗaya, a gabansu.

"Dattijo, bincike muka zo, ba wanki ba," in ji shugabansu. Aka yi dariya. Kanar ya ƙara da cewa tsohon ba ya wuce bukkar burkutu.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Ya ɗaga takalmin, ya juya akwatin, ya tambaya hatimin wane ne a jiki.

"Nawa ne, ranka ya daɗe," in ji Kaka.

"To me kake so mu rubuta?"

Kaka ya ce su rubuta abin da suka ga dama a kansa, su dai hana yaran nan tafiya da kwali a ƙafa.

Sun rubuta sunansa, aka sallame shi daga aiki. Bataliya ta tashi ranar Alhamis da takalmanta.

Wani da ya dawo ya shaida mana ganinsa na ƙarshe da Kawu: ya yage rigarsa ya naɗe ƙafafunsa, yana ta ja baya a layi.

Takalmin yana wurina yanzu, cikin akwatin Kaka. Mama ta ce in yar, tunda ɓeraye sun fara ci. Ban yar ba, amma ban san wa zan nuna wa ba.