Ƙarshen Labarin Dije

Ranar Laraba ce, cikin kaka, shekarar da ta biyo bayan sauke tutar Faransa. Ƙauyenmu yana gabas da Mirriya. Na yi asuba, na hura wuta, na ɗora ruwan kunu. Ɗana Ilu, tela, ya fitar da kekensa zaure. 'Yarsa Rabi tana surfe kusa da ni. Shekararta goma sha biyu.

Rabi da labarin Dije 'yar maƙeri ta tashi. Ni na ƙago Dije, ban ji ta a bakin kowa ba. Ba ta ƙarya, ba ta roƙo, ba ta jiran a ɗora mata tulu. Duk abin da na kasa a ƙuruciyata, shi na ba ta. Rabi har ɗaurin zanen Dije take yi, a ɗame, iya gwiwa. Ranar Talata bayan isha, a cikin labarin, na kai yaran inda mayaƙa suka zo neman maƙeri. Dije ta tare ƙofa, ta ce ta san inda ubanta yake, amma ba za ta faɗa ba. Ƙanana suka yi barci, na tsaya a nan.

Da safen nan Rabi ta hana ni sakat.

"Kaka, don Allah ƙarasa. Me ya sami Dije?"

"Ba a tatsuniya da rana. So kike ki ɓata a daji? Jira dare."

Ta turo baki, ta koma kan turmi.

Da hantsi na ji ƙugin kamiyo, babbar motar kaya. Mota ba ta zuwa garinmu. Kaji suka watse. Harbi biyu daga wajen rijiya, shiru, sai na uku. Masu kaki suka diro, tare da 'yan kulake waɗanda na san iyayensu. Wanda ya ɗinka wa jam'iyyar adawa riguna suke nema. Ilu ya ɗinka wa jam'iyyun duka biyu, amma ba wanda ya tambaya.

"Ku fito! Kowa ya fito!"

Na keta dangar baya, na tura Ilu cikin karan gero. Matarsa, da tsohon ciki, ta bi shi. Na goya ƙaramin ƙanen Rabi, na ja ƙanwarta da hannu. Na kira Rabi sau biyu. Ba ta amsa ba.

Ta kafar zana na hango ta. Tana ƙofar zaure, ta ɗame zane, ta gitta taɓarya.

"Ina telan?"

"Na san inda yake. Ba zan faɗa ba."

Maganata ce, ba ta rage ko kalma ba.

Sau uku suka tambaye ta. Wannan tsayawar ce ta ba Ilu damar ƙetare gonaki. Sai na ga an ɗaga gindin bindiga. Ƙarar kamar an taka ƙwarya. Taɓarya ta faɗi, ta gangara. Yaron da ke bayana ya fara kuka, na toshe masa baki. Ban koma ba. A rubuta haka: ban koma ba.

Kafin rana ta take, hayaƙin bunu ya rufe garin. Da azahar muka ɓata hanya, sau biyu muna dawowa gindin kuka ɗaya. Da la'asar muka riski Ilu da matarsa a wani kwari. Ya dubi bayana, ya dubi fuskata. Bai tambaya ba. Washegari da almuru muka ga ruwan tafkin Gidimuni, muka sauka gidan ƙanena.

Kwana na uku wani mai jakuna ya kawo labari. Maƙwabta sun binne Rabi a ranar da abin ya faru, kafin la'asar, ita da maza biyu.

Ga abin da ya rage na tatsuniyar. Da mayaƙa suka matso, Dije ta watsa musu toka a ido, ta tsallake danga, ta gudu. Ta rayu, ta tsufa, ta ga jikoki. Shi ke nan. Faɗinsa bai kai tafasar ruwan kunu ba.

Mu shida na dama wa kunu a safen nan. Mu biyar muka sha ruwan Gidimuni. Na ƙara samun jikoki goma sha ɗaya. Ba wanda ya taɓa jin sunan Dije a bakina.