Igiyar Abdulghani da Kifin Kakarsa

Abdulghani ba ya barin gida sai da igiya a aljihun jallabiyarsa. Siririya ce, shuɗiya, irin wadda masunta ke ɗinke koma da ita. Shekara arba'in ya yi yana gyaran kifi a Bangala, kasuwar kifin Jidda, kuma duk ranar da aka kawo wanda ya fi na baya tsawo, sai ya ajiye wuƙa, ya goge hannu, ya shimfiɗa igiyar daga baki zuwa wutsiya, ya yi ƙulli. Ƙulli goma sha ɗaya ne a jikinta. Na ƙarshen bai kai gaba biyu ba, awon buɗe hannuwa sau biyu ke nan. Sauran gaba uku kuwa ba komai a kansu.

"Nan wurin kifin Kaka ne," haka yake cewa.

Kakarsa Zubaidatu da ƙafa ta taso daga ƙasar Hausa don aikin hajji, ta haye Bahar Maliya daga Sawakin cikin jirgin katako. Ta ce a tsakiyar teku wani kifi ya jera da su, kansa ya wuce gaban jirgi, wutsiyarsa na can baya, yana feso ruwa ta tsakar kansa. Mutanen unguwarsu ta Sa'alaba a Jidda sun yi mata dariya har ta rasu. Daga nan dariyar ta koma kan jikanta. In aka sauke ƙaton kifi a Bangala, sai wani ya ɗaga murya, "Ya Abdulghani, ga na kakarka ya iso!" Wadda tsokanarta ke taɓa shi ita ce Mastura, matarsa, ƙanwata.

"Abu Razan, tsohuwa jiri ne ya ɗebe ta a jirgi. Ka bar baiwar Allah ta huta."

Da ya bar aiki, 'yarsu Razan ta ce halas, magana ta ƙare, sai an je hutu. Ta kwashe mu a mota har Jizan, muka shiga jirgin fito zuwa tsibirin Farasan. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan kifi, ranar ya fara hawa ruwa. Ya riƙe ƙarfen jirgi da hannu biyu bai saki ba sai da muka sauka.

Washegari da safe aka zaga da mu. Mun ga gidajen tsofaffin fataken lu'ulu'u, bangonsu duk zane. Mun hango bareyi uku a gindin wata ƙaya. Mastura ta tuɓe takalmi ta taka farin yashi, tana dariya kamar ba ita ke kukan gwiwa ba. Shi kuwa ko'ina aka tsaya, fuskarsa na wajen teku.

Bayan azahar muka shiga kwale-kwalen wani masunci mai suna Saleh. Razan ta yi masa bayani da Larabci, don Hausarta ta ji ce, ba ta magana ba. Saleh ya dubi Abdulghani ya girgiza kai.

"Ya ammi, kifin Annabi Yunusa ba ya karɓar gayyata. Wata shekarar sau ɗaya nake ganinsa, wata ko sau ɗaya."

"Yalla, mu je dai," in ji Abdulghani.

Mun ratsa ta cikin itatuwan nan da ke tsiro a ruwan gishiri, muka fita sarari. Can sai ga kifayen da ake ce wa Abu Salama, wato dolfin, sun fi ashirin, suna tsalle a gaban kwale-kwale. Razan ta ɗaga waya tana ihu.

"To ga su nan," Mastura ta ce. "Zaɓi ɗaya ka ba Kaka."

"Waɗannan jikoki ne, Ummu Razan."

Rana ta karkata. Saleh ya duba sama, ya kama juya inji. A nan Abdulghani ya ɗaga hannu, yana shinshina iska.

"Tsaya. Akwai ƙarni."

Mu ba mu ji komai ba tukuna. Amma hancin da ya shekara arba'in a Bangala ba a musu da shi. Saleh ya kashe inji. Muka kasa kunne, ruwa na lasar katako. Sai muka ji wani huci a gefen dama, mai ƙarfi, ruwa ya tashi sama ya zubo mana a fuska da wari. Wani baƙin baya ya taso a hankali, yana ta fitowa, yana ta fitowa, ya ƙi ƙarewa.

"Baba, shuf!" in ji Razan, wato duba, ta ɗaga waya.

"Ajiye wannan! Riƙe nan!"

Abdulghani ya cusa mata bakin igiya a hannu, ya tura ta gaban kwale-kwale, daidai kan kifin. Shi da ke tsoron sakin ƙarfe jiya, ya bi gefe da sauri yana warware igiya. Ya wuce ƙulli goma sha ɗaya. Ya cinye gaba ukun Kaka. Igiya ta ƙare a hannunsa, shi ma kwale-kwalen ya ƙare, kifi bai ƙare ba. Sannan ya nutse, ruwa ya rufe kamar ba a yi ba.

Wayar Razan na kan benci. Hoto ko ɗaya babu.

Saleh ya riƙe ciki yana dariya. Razan ta rasa ko kuka za ta yi. Mastura kuwa ta goge fuska da gefen mayafi, ta daɗe tana kallon inda ruwan ya rufe.

"Allah ya jiƙan Kaka," ta ce. "Ashe ma ragewa ta yi."

Abdulghani ya zauna yana naɗe igiyarsa. Ban taɓa ganin haƙoransa duka a waje ba sai ranar.

Da muka dawo Jidda, tsofaffin abokan aikinsa suka zo gaisuwa, tambayarsu ɗaya: ina hoto? Kafin ya buɗe baki, muryar Mastura ta fito daga bayan labule.

"Ni ce hoton. Mai musu ya matso kusa."

Ba wanda ya matso. Aka sha shayi, aka koma hirar farashin jatan lande.

A makon ya sayo sabuwar igiya gaba biyar, ya haɗa ta da tsohuwar, haɗi mai kyau irin na masunta. Ƙulli na goma sha biyu ne ya ƙi yi. Ya ce bai ga inda wutsiya ta tsaya ba, kuma shi bai taɓa yin ƙulli da ka ba, sai an koma. Razan ta sa rana, bayan ƙaramar salla. Cikin azumi ya rasu, a kan tabarmarsa, bayan la'asar.

Igiyar na rataye a ƙusa, kusa da ƙofar ɗakinsu. Mastura ba ta bari a taɓa. Kwanan baya na ji tana tambayar Razan ko har yanzu tana da lambar Saleh.