Kalmar Da Yaya Ya Bari A Japan

Talata: Kaduna zuwa Kano

Ƙarfe shida saura kwata na asuba na fito daga gidanmu na Kakuri. Wata uku ke nan da aka bugo waya daga Amurka cewa yayana Hamisu ya rasu, an kuma binne shi a can, kuma tun ranar Inna ba ta ƙara cin abincin kirki ba. Ta rako ni har zaure ta riƙe hannun rigata.

"Garba, ban aike ka kwaso kaya ba. Ka gano mini ko ɗana yana da mutane, ko kuwa haka ya faɗi ba kowa a bayansa."

Na ce to, amma a raina na riga na yanke amsar. Ni dai ina jin haushin Yaya. Masaƙar da yake aiki ta tura shi Japan shekara biyu koyon gyaran inji, ya dawo ba abin da ke bakinsa sai ƙwallo da ƙungiyar ma'aikatar da ya buga wa baya a can. Da aiki ya yi rauni sai ya tsallake New York yana jan tasi. Shekara bakwai, wasiƙarsa ba ta wuce layi biyar.

Fijo ta ɗauke mu ƙarfe shida da rabi. Shingen 'yan sanda biyar na ƙirga a kilomita ɗari biyu da talatin. Mun shiga Kano sha ɗaya saura, na ci shinkafa da wake a Fagge, na wuce filin jirgi na zauna jira.

Laraba: New York

Mun canza jirgi a Amsterdam, muka sauka New York ƙarfe biyu da minti ashirin na rana. Jami'in shige da fice ya tambaye ni abin da ya kawo ni, na ce kabari. Ya ɗago ya dube ni, ya buga hatimi.

A waje na tarar da Alhaji Isuhu, mutumin Maraɗi mai sayar da huluna da agogo a Harlem, wanda suka zauna ɗaki ɗaya da marigayi. Ya ga 'yar shadda a jikina ga ƙanƙara ta rufe titi, sai ya fara da ɗan Faransancinsu.

"Bon, malam, da wannan ka zo? Nan ba Kaduna ba ne. Saka jaket ɗin nan, ta ɗan'uwanka ce."

Ta yi mini yawa a kafaɗa. Minti hamsin muka yi zuwa Mount Hope a Bronx, hawa na huɗu, ba lifta. Muka ci tuwon semo da miyar kuɓewa. Na yi masa tambayar Inna kai tsaye.

"Mun yi masa sallah, sahu uku," in ji shi. "Direbobi sun ajiye aiki. Amma ka dakata sai Juma'a. Akwai baƙo tafe."

Alhamis: Harlem

Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, dala ɗaya da rabi kowa, zuwa titi na ɗari da sha shida. Teloli da masu abinci suka yi ta yi mini gaisuwa, na ji sanyi a raina kaɗan. Amma sahu uku ko baƙon da ba a san sunansa ba yana samu, Inna kuma ta san haka.

Da muka dawo Alhaji ya jawo wani akwati daga ƙarƙashin gado. Ba komai ciki sai jaridu masu rubutun Japan, kowacce da hoton mutum ɗaya, gajere mai faɗin ƙirji, sanye da lamba huɗu.

"Wannan shi ne Tanko. Sunansa na gaskiya ya gagari bakin Hamisu, sai ya raɗa masa wannan. Tare suka tsare baya a ƙungiyar ma'aikata, lokacin Tanko yana yaro sabon shiga. Da ƙasarsu ta fara ƙwallon sana'a ya zama kyaftin ɗin kulob ɗinsa, har ƙasa ta kira shi. Na samu lambar wayarsa a littafin Hamisu na buga. Ya ce kakar wasa na ƙarewa zai zo."

Na ce a raina, ga abin da ɗan'uwana ya tara a shekara bakwai, hotunan wani.

Juma'a: maƙabarta

Ƙarfe tara daidai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Tanko ne, cikin baƙar kwat, yana ɗan ɗingishi da ƙafar hagu. Ya cire takalmi tun ba a ce masa ba, ya sunkuya mini har na ji kunya, na rasa yadda zan yi sai na ɗan rusuna kamar ina gaida suruki.

Wani direba ɗan Kumasi, Malam Awudu, ya ɗauke mu zuwa New Jersey, tafiyar awa ɗaya da kwata, ya kuma ƙi karɓar ko sisi. A hanya Tanko ya yi ta magana da Turancinsa mai tsinkewa. Ya ce shekara goma sha ɗaya ya yi a kulob ɗaya, bai taɓa canzawa ba. Ya ce lokacin da Amurka ta karɓi gasar duniya Yaya ya yi masa alkawarin zagaya gari da shi a tasi, sai Japan ta rasa gurbi a wasan ƙarshe na share fage. Wata biyu bai iya fita ƙofar gida ba, kuma kowace Lahadi Hamisu sai ya buga masa waya. Ni da nake ƙaninsa sau uku na ji muryarsa a shekara bakwai. Abin ya sosa mini rai, ba zan ɓoye ba.

Muka share ƙanƙarar da ke kan kabarin muka yi addu'a. Tanko ya tsaya nesa kaɗan har muka shafa. Sannan ya matso, ya miƙe tsaye kamar soja, ya ɗaga murya da Hausa tsantsa:

"Bayanka!"

Na juya da sauri, na ɗauka wani abu ne ya taso mana. Ba kowa sai itatuwa.

Ya ga na firgita, sai ya yi bayani. Ya ce a fili kullum Hamisu yana tsaye a bayansa yana ƙwala masa wannan kalma, ma'anarta "kada ka ji tsoro, ina bayanka." Ya ce ya koya wa 'yan bayan kulob ɗinsa, har a wasan ƙasa yana faɗinta.

Malam Awudu ya buɗe baki zai gyara masa, don kowa ya san gargaɗi ne, waiwaya ga abokin gaba nan. Ashe shekara da shekaru Tanko yana waiwayawa neman Yaya, sai ya ga mai shirin ƙwace masa ƙwallo. Na taka ƙafar Malam Awudu.

"Haka take," na ce. "Ka faɗe ta daidai."

Sai a nan na yi wa Yaya kuka, wanda ban yi ba tun ranar da aka bugo waya.

Kafin mu rabu Tanko ya miƙo mini wani ƙunshi da hannu biyu. Rigarsa ce ta ƙasa, mai lamba huɗu. Ya ce a kai wa mahaifiyar Hamisu.

Litinin: gida

Na baro New York ranar Asabar da yamma, na iso Kakuri Litinin ana kiran la'asar. Inna tana zaune kan tabarma. Ba ta bari na sha ruwa ba.

"Yana da mutane?"

Na faɗa mata sahu uku, da direbobin da suka ajiye aiki, da mutumin da ya tsallako rabin duniya da ciwon gwiwa ya tsaya a kan kabarin ɗanta ya ce yana bayansa. Ta shimfiɗa rigar a cinyarta ta daɗe tana shafa lambar.

"Da Hausa ya faɗa?"

"Da Hausa, Inna."

"To, Allah Ya yi wa nasa bayan albarka." Ta share ido ta leƙa madafa. "Akwai sauran tuwon nan?"

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya, na gode wa Alhaji Isuhu da Malam Awudu. Jaket ɗin Yaya tana rataye a ɗakina, har yau ta fi ƙarfin kafaɗata.