Jan Ɗankwalin Jalza

Valent manomi ne a ƙauyen Hlebine. Da dusar ƙanƙara ta rufe gonaki sai ya koma zanen ƙauyensu a bayan gilashi. A aikin nan, da yake ta ɗaya fuskar ake kallo, abin da ke gaba a hoton ake fara zanawa, ƙanƙara ce ƙarshe. Tun rasuwar matarsa Jalza, da jan ɗankwalinta yake fara kowane zane.

Rannan yayarsa Barica ta juya gilashin da yake zanawa, ta sake ganin Jalza a bakin rijiya, ta taɓe baki. "Kai Valent, duk garin nan Jalza kaɗai ke zuwa rijiya? Mu ba mutane ba ne?"

Bai ko ɗago ba. "Yaya, je ki makabarta ki gani, ƙanƙara ta danne ta. A gilashina kuwa ba ta isa ba, a bayan Jalza take tsayawa."