Gwaggon da Ta Zana Buta ta Kowane Gefe

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Afrilu, Allah Ya karɓi ran Gwaggo, yayar mahaifina, bayan doguwar jinya. Ta koyar da zane a makarantar sakandare har ta yi ritaya, daga nan ta mayar da ɗakin baƙinta wurin aiki, ya cika da ƙamshin fenti da tsummokin goge buroshi.

Gwaggo, kayan gida kike zanawa: buta, kofi, almakashi, tsohon rediyon da ke kan teburinki. Sai dai ba yadda ido ya saba ganinsu ba. Kina farfasa abu gida-gida, bakin buta nan, gindinta can, murfi a karkace, kamar an hango ta a fasasshen madubi. Ranar da Baba ya fara ganin irin wannan zanen, ya daɗe a tsaye, can ya ce, "Yaya, wannan butar mota ce ta bi ta kanta?"

Kika yi dariya har da hawaye, kika ce, "Kai da kake baƙo gefe ɗaya ka sani. Ni da nake wanke ta kullum na san gindinta da ya ƙone, na san cikinta. Wanne zan bari?"

Mun daɗe muna ɗaukar abin a matsayin wasa. Matar tela maƙwabcinki ce ta fara fahimtar da ni. Da mijinta ya rasu, keken ɗinkinsa ya faɗa rabon ɗansa da ke wani gari. Kafin a zo ɗauka, kika riƙa zuwa da allonki kina zama a shagon, ba ki gaya wa kowa dalili ba. Ina nan ranar da kika kai mata zanen. Ta ƙura masa ido, ta kai yatsa kan wani ɗan gefe mai sheƙi, ta ce, "Nan tafin hannunsa ya cinye." Ta gangara ƙasa, ta ce, "Ga matakin ƙafar ma." A keken gaske sai ka zagaya kafin ka ga wuraren nan biyu. Ke kin haɗa mata su wuri ɗaya. Ta rungume allon, ta yi kukan da ta daɗe tana haɗiyewa.

Haka kike da mutane ma. In aka kawo miki ƙarar wani, sai ki ce a dakata, ba mu zagaya ta bayansa ba tukuna.

Burinki ɗaya ne, kuma ba ki cika faɗarsa ba: ki ga an rataye ayyukanki a babban zaure, baƙin ido su shigo su kalla. Bara wata tsohuwar ɗalibarki, wadda yanzu take kula da gidan baje kolin zane, ta zo da albishir cewa an amince. A lokacin hannunki ya riga ya fara rawa, ko buroshi ba kya iya riƙewa. Da aka buɗe siton da kike ajiya, sai aka tarar rufin ya daɗe yana yoyo. Fiye da rabin aikin rayuwarki ya ruɓe, fenti ya narke ya zama laka. Ni aka aika in gaya miki a asibiti. Kika ce, "To, ruwa ma ya kalle su ta nasa gefen." Kika juya fuska bango. Ban sake jin kin ɗaga maganar ba.

Wata mai zuwa za a buɗe baje kolin da abin da ya tsira. Ɗalibarki ta roƙi asibiti su ba da aron keken marasa lafiya don a zagaya da ke zauren. Sun amince, amma amsar ta iso bayan mun dawo daga maƙabarta.

Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanki da jikokinki, da ɗalibanki, da Baba, wanda yanzu ba shi da sauran wanda zai kira Yaya. Allah Ya jiƙanki, Gwaggo, Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Mu kuma Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.